Vinho Verde

Vinho Verde giyar inabi ce da ake yi a arewa maso yammacin ƙasar Fotugal, a tsohon lardin Minho da yankunan da ke maƙwabtaka da shi. Sunan na yanki ne da doka ta shata iyakarsa tun shekarar 1908, saboda haka giyar da aka yi da inabin wannan yanki, bisa ƙa'idojinsa, ita kaɗai ke da izinin ɗaukar sunan. An san ta da tsami, da ƙarancin barasa, da 'yar kumfa mai tsikarin harshe. Akwai fara, akwai ja, akwai mai ruwan hoda, amma farar ce ta fi yawa kuma ita aka fi sani a ƙasashen waje.

A kasuwannin Turai da Amurka ana lissafa Vinho Verde cikin giyoyin inabi masu araha waɗanda ingancinsu ya zarce farashinsu. Arahar tata da irin abincin da take dacewa da shi duk sun samo asali ne daga yawan ruwan saman yankin da kuma tsarin noman da ƙananan manomansa suka gada.

Suna da furuci

A harshen Fotugis kalmar vinho na nufin giyar inabi, daga kalmar Latin vinum. Kalmar verde kuma na nufin kore, daga Latin viridis. Sai dai launin giyar ba kore ba ne. Verde a nan tana ɗauke da ma'anar sabon abu wanda bai kwana biyu ba, kusan yadda Hausa ke amfani da kalmar ɗanye. Mutanen Fotugal kan raba giyarsu gida biyu a maganar yau da kullum: verde, wato ta wannan yanki da ake sha tun tana sabuwa, da maduro, wato nunanniya, wadda ta ƙunshi giyar sauran yankunan ƙasar. Wasu kuma na danganta sunan da koren ciyayi da bishiyoyin Minho, inda ƙasa ba ta bushewa sosai ko da rani.

Haruffan nh a rubutun Fotugis ana furta su ne kamar ny, harafin o na ƙarshen kalma kuma kamar u, don haka furucin kalmar farko ya yi kusa da "vinyu". A karin harshen arewacin Fotugal ba a cika bambanta v da b ba, shi ya sa ake jin mutanen Minho da yawa suna cewa "binyu berde".

Yanki da yanayi

Yankin ya faro daga kogin Minho, wanda ya raba Fotugal da lardin Galisiya na Sifaniya, ya gangaro kudu har ya ɗan tsallake kogin Douro. Ta yamma yana fuskantar Tekun Atlantika, ta gabas kuma duwatsu sun tokare shi. Manyan garuruwansa sun haɗa da Braga, Guimarães, Viana do Castelo, Ponte de Lima, Amarante da Penafiel. Koguna irin su Lima, Cávado da Ave suna gudana daga gabas zuwa yamma, kwarurrukansu kuma suna buɗe wa iskar teku mai laima hanya zuwa cikin ƙasa.

Matsakaicin ruwan saman da ake samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,200, a wasu wuraren ma ya wuce haka. Yawancin ƙasar ta samu ne daga ruɓaɓɓen dutsen garanait, mai yashi-yashi. A irin wannan yanayi mai sanyi da laima inabi ba ya tara sukari da yawa, kuma yana riƙe tsaminsa har lokacin girbi. Tunda sukarin inabi ne ke rikiɗa ya zama barasa, ƙarancinsa na haifar da giya mara ƙarfi.

An raba yankin zuwa ƙananan yankuna tara: Monção e Melgaço, Lima, Cávado, Ave, Basto, Sousa, Amarante, Baião da Paiva. Monção e Melgaço, wanda ke can arewa a bakin iyaka, duwatsu sun kare shi daga iskar teku, don haka inabinsa ya fi nuna kuma giyarsa ta fi ƙarfi.

Tarihi

Ana noman inabi a Minho tun zamanin Rumawa. A ƙarni na 16 da na 17 'yan kasuwar Ingila suna sayen giyar Monção ta tashar jiragen ruwa ta Viana, kafin cinikin ya karkata zuwa giyar kwarin Douro.

Zuwan masara daga nahiyar Amurka a ƙarni na 16 ya sauya fasalin gonakin yankin. Minho na da yawan jama'a, gonaki kuma ƙanana ne saboda rabon gado. Manomi ya kan ba masara, wake, kabeji da dankali tsakiyar gona, ya tura inabi zuwa gefe. A can ake barin kurangar ta hau bishiyoyi, tsarin da ake kira enforcado, ko a yi mata doguwar rumfa bisa ginshiƙan dutse, wadda ake kira ramada, a shuka kayan lambu a ƙarƙashinta. Ɗaga kurangar sama na nisanta 'ya'yan daga laimar ƙasa da cututtukan da take jawowa, amma sai an hau tsani kafin a yi girbi. Irin wannan kuranga tana ba da 'ya'ya masu yawa, sai dai inuwar ganye na hana su nuna sosai.

Dokar ranar 18 ga Satumba, 1908 ce ta shata iyakar yankin. A 1926 aka kafa hukumar da ke kula da shi, Comissão de Viticultura da Região dos Vinhos Verdes, wadda ofishinta ke birnin Porto. A 1939 gidan Aveleda da ke Penafiel ya fito da Casal Garcia, wadda ta zama ɗaya daga cikin sunayen da aka fi sani a waje. A 1958 manoman Monção suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwarsu, Adega Cooperativa de Monção. Bayan Fotugal ta shiga ƙungiyar tattalin arzikin Turai a 1986, tallafin noma ya taimaka wajen sauya tsofaffin rumfuna da gonakin inabi zalla, inda ake jera kuranga a kan waya kusa da ƙasa don rana ta same ta. Kafin wannan lokaci jar giya ce ta fi yawa a yankin. A yau fara ta haura kashi huɗu cikin biyar na abin da ake samarwa.

Nau'o'in inabi

Yawancin Vinho Verde gauraye ne na nau'o'in inabi biyu ko fiye, kusan dukkansu na asalin yankin.

Alvarinho shi ne mafi daraja da tsada. Ƙananan 'ya'ya gare shi masu kaurin ɓawo, cibiyarsa kuma Monção e Melgaço. A tsallaken kogi, a yankin Rías Baixas na Sifaniya, ana kiran sa Albariño.

Loureiro ya fi yawa a kwarin Lima da Cávado, an san shi da ƙanshin furanni. Sunansa na nufin bishiyar laurel a harshen Fotugis.

Arinto, wanda a Minho ake kira Pedernã, da kuma Azal, su ne masu tsananin tsami. Trajadura ba shi da tsami sosai, don haka ake gauraya shi da su don sassautawa. Avesso na yankin Baião ya fi ba da giya mai kauri a baki.

A ɓangaren ja, Vinhão ne kan gaba. Giyarsa na da launi mai duhu ƙwarai, da tsami, da bauri. Ana yin mai ruwan hoda galibi da Espadeiro da Padeiro.

Yadda ake yin ta

Ana girbi daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba. Don yin fara, ana matse inabin a raba ruwan da ɓawo, a zuba shi cikin manyan tankokin ƙarfe masu sanyaya, yis ya ci sukarin ya mayar da shi barasa. Ana iya ɗura ta a kwalba a kai kasuwa wata uku zuwa shida bayan girbi.

Kumfar da aka san ta da ita ta samo asali ne daga tsohuwar hanyar aiki. A da ana ɗura giyar da wuri, sai wasu ƙwayoyin bakteriya su ci gaba da aiki cikin kwalba, suna mayar da tsami mai kaifi irin na ɗanyen tuffa zuwa tsami mai laushi irin na nono. Wannan aiki na fitar da iskar kabon, wadda ke maƙalewa cikin kwalbar. A yau manyan kamfanoni suna tace giyar, sannan su ƙara iskar da kansu lokacin ɗurawa. Da yawa kuma suna barin ɗan sukari don rage kaifin tsamin. Gidajen da ke yin mai tsada sau da yawa ba sa ƙara iska ko kaɗan.

Ƙarfin barasar Vinho Verde ta yau da kullum ya kan kama daga kashi 8.5 zuwa 11.5 cikin ɗari, alhali yawancin giyar inabi ta duniya tana tsakanin 12 da 14.5. Ta Alvarinho zalla takan fara daga 11.5 zuwa sama.

Dalilan araharta

A manyan kantunan Fotugal ana samun kwalbar Vinho Verde ta gama-gari a kan Yuro kaɗan. Dalilai da dama ne suka haɗu.

Na farko shi ne yawan amfani. Ruwan sama na sa kuranga ta ba da 'ya'ya da yawa, wanda ke rage kuɗin kowace lita.

Na biyu shi ne saurin juyawar jari. Giyar da ake ajiyewa shekara biyu ko uku cikin gangunan katako tana cin kuɗin ganga, da wurin ajiya, da jiran ciniki. Vinho Verde ta gama-gari ba ta shiga ganga, kuma ana sayar da ita kafin girbi na gaba.

Na uku shi ne girman masu sarrafawa. Dubban ƙananan manoma suna sayar da inabinsu ga ƙungiyoyin haɗin gwiwa ko ga manyan kamfanoni irin su Aveleda da Sogrape mai Gazela, waɗanda ke ɗura kwalabe masu ɗimbin yawa.

Na huɗu shi ne haraji. Fotugal ba ta ɗora harajin barasa na musamman kan giyar inabi ta gama-gari. A ƙasashen da ke auna haraji da ƙarfin barasa kuma, kamar Birtaniya tun daga Agustan 2023, giya mara ƙarfi na biyan ƙasa da mai ƙarfi.

Na biyar shi ne suna. Farashin giyar Bordeaux ko Champagne ta Faransa ya ƙunshi kuɗin shaharar yankin. Vinho Verde ta yi suna ne a matsayin abin sha mai sauƙi na lokacin zafi, shi ya sa ko mai ingancinta ba ta kai farashin takwarorinta na shahararrun yankuna.

Yadda ake gane mai inganci

Masana harkar kan yi nuni da cewa kuɗin kwalba, murfi, sufuri da haraji kusan ɗaya ne ga giya mai araha da mai tsada. A kwalbar da ta fi kowace araha, kaso kaɗan ne na farashin ke tafiya ga abin da ke ciki. Ƙarin kuɗi kaɗan a kan mafi ƙarancin farashi ya kan tafi kai tsaye ga ingancin inabin, don haka matakin tsakiya ne ake ganin ya fi biyan kuɗinsa.

Takardar jikin kwalba na ɗauke da alamun da masu saye ke dubawa:

Hatimin hukumar yankin, mai lamba, a bayan kwalba, wanda ke tabbatar da asalinta.

Shekarar girbi. Tunda ana shan ta gama-gari tun tana sabuwa, an fi son ta girbin baya-bayan nan. Mafiya araha sau da yawa ba sa nuna shekara.

Sunan inabi, kamar Loureiro, Avesso ko Alvarinho, da sunan ƙaramin yanki. Waɗannan na nuna an zaɓi inabin daga wuri takamaimai.

Kalmar quinta, wadda ke nufin gandu ko gonar gida guda.

Kalmar seco, wato mara zaƙi, ko meio-seco, mai ɗan zaƙi.

Ƙarfin barasa. Kashi 9 ko 10 na nuna mai sauƙi, galibi da kumfa da ɗan zaƙi. Kashi 12 zuwa sama na nuna inabin da ya nuna sosai, mara zaƙi.

Gaurayen Alvarinho da Trajadura, irin Muralhas de Monção ta ƙungiyar manoman Monção, na tsakiya ne a farashi. A saman matakin akwai Alvarinho zalla ta gidaje irin su Soalheiro da ke Melgaço, wanda ya dasa gonarsa ta farko a 1974, da Palácio da Brejoeira, da Anselmo Mendes. Irin waɗannan na iya yin shekaru a kwalba ba tare da sun lalace ba. Akwai kuma giyar da ake rubuta wa Minho kawai, daga yanki ɗaya amma ƙarƙashin ƙa'idoji masu sassauci.

Haɗa ta da abinci

Haɗa giyar inabi da abinci ya dogara ne kan yadda ɗanɗano ɗaya ke sauya wani a baki. Abubuwa huɗu ne suka fi tasiri game da Vinho Verde.

Tsami da maiƙo. Tsami na sa yawu ya zubo, yana kuma wanke maiƙo daga harshe, aikin da lemun tsami ke yi idan aka matsa shi kan soyayyen kifi. Kumfar ma na taimakawa. Wannan ne ya sa farar ke dacewa da soye-soye da kifi mai mai.

Gishiri. Abinci mai gishiri na rage kaifin tsami, sai ɗanɗanon 'ya'yan itace ya fi fitowa.

Yaji. Barasa na ƙara raɗaɗin barkono a baki, ɗan zaƙi da sanyi kuma suna rage shi. Giya mara ƙarfi mai ɗan sukari ta fi jure abinci mai yaji fiye da mai ƙarfi.

Nauyi. Abinci mai nauyi na danne giya mai sauƙi har a daina jin ta. Don haka ake haɗa mara ƙarfi da abinci mara nauyi, a bar Alvarinho da Avesso ga abinci mai kauri.

A Minho kanta al'adar ta girmi waɗannan bayanai. A daren bikin São João, 23 ga Yuni, a Porto da Braga, ana gasa kifin sadin a kan gawayi a tituna, ana ci da burodin masara mai suna broa da gasasshen tattasai. Ana kuma shan caldo verde, miyar dankalin turawa da yankakken ganyen kabeji da man zaitun. Vinho Verde, fara ko ja, na cikin abin shan wannan dare. Bacalhau, busasshen kifi mai gishiri da ake jiƙawa kafin a dafa, ana soya shi a Braga da albasa da dankali, kuma ana haɗa shi da fara mai ƙarfi. Jatan lande, kaguwa da sauran kayan teku an fi haɗa su da Loureiro ko gauraye mai sauƙi.

Jar Vinho Verde kusan duk a gida ake shanye ta. A al'adance ana zuba ta cikin farin kwanon tangaran mai suna malga, inda launinta ke rina gefen kwanon. Tsaminta da baurinta sun yi wa baƙi da yawa tsanani, amma mutanen yankin na haɗa ta da abincinsu mafi maiƙo: rojões, wato soyayyen naman alade, da shinkafar sarrabulho ta Ponte de Lima da ake dafawa da nama da jini, da kuma lampreia, wata halittar ruwa mai siffar maciji da ake kamawa a kogunan Minho da Lima daga Janairu zuwa Afrilu. Bauri na samuwa ne daga sinadaran ɓawon inabi da ke kama furotin ɗin yawu su bar baki a bushe, nama da kitse kuma suna sassauta shi.

A wajen Fotugal, musamman a Amurka da Jamus waɗanda ke cikin manyan masu sayenta, ana haɗa farar da sushi na Japan, da abincin Tailan da Biyetnam mai yaji da lemun tsami, da kwaɗon ganye, da gasasshiyar kaza.

Akwai abincin da ba ta dacewa da shi. Kayan zaƙi kamar kek na sa mara zaƙi ta koma tsami zalla a baki. Gasasshen naman sa mai kauri na danne farar gaba ɗaya. Game da kifi da jar giya, wani bincike da masana a Japan suka wallafa a 2009 ya nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giya ne ke tayar da ƙarnin da ake ji bayan cin wasu kayan teku.

Ana ba da farar da sanyi, tsakanin digiri 8 da 12 a ma'aunin Salshiyas, jar kuma tsakanin 12 da 15. Sanyi mai tsanani na ɓoye ƙanshi, shi ya sa ba a sanyaya Alvarinho kamar ta gama-gari.

Taƙaddama kan suna da farashi

Arahar da ta buɗe wa Vinho Verde kasuwannin duniya ta zama matsala ga wasu masu yin ta. Farashin kwalba na shafar abin da ake biyan ƙaramin manomi kan inabinsa. Masu yin mai inganci kuma na kokawa cewa mai saye a waje, da ya ga sunan, sai ya yi tsammanin abu mai kumfa da araha, ya ƙi biyan fiye da haka. Saboda wannan wasu gidaje kan fito da sunan inabi ko na ƙaramin yanki da manyan haruffa, su mayar da sunan Vinho Verde bayan kwalba.

Babbar taƙaddamar ta kasance kan Alvarinho. Shekaru da yawa Monção e Melgaço kaɗai ke da izinin rubuta wannan suna a kan kwalbar Vinho Verde. Masu sarrafawa na sauran yankuna sun nemi a buɗe musu, manoman Monção da Melgaço kuma suka nuna adawa don gudun faɗuwar farashin inabinsu. A 2015 aka cimma yarjejeniyar buɗe sunan ga dukkan yankin bayan wa'adin shekaru shida, aka kuma ba Monção e Melgaço hatimi nata na daban.

Lafiya da doka

Duk da ƙarancin ƙarfinta, Vinho Verde barasa ce, kuma dokokin ƙasashe da hukunce-hukuncen addinai da suka hana shan giya, ciki har da na Musulunci, sun shafe ta kamar kowace giya. Sanyinta da ɗan zaƙinta na iya sa mai sha ya wuce kima bai lura ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. A Fotugal, tun 2015 doka ta hana sayar da kowace irin giya ga wanda bai kai shekara 18 ba. Iyakar barasa a jinin direba giram 0.5 ne a kowace lita, ga sababbin direbobi da masu tuƙin haya kuma giram 0.2.